Baba Sitaci da Kati na Uku

Duk wanda ya taɓa kwana a otal ɗin nan mai hawa huɗu da ke bakin babban titi, to ya kwanta a kan aikin Baba Sitaci, ko ya sani ko bai sani ba. Galibi ma ba a sani. Mutum zai baje a kan zanin gado fari fat, ya goge fuska da tawul mai laushi, ya zura rigarsa da ta dawo daga wanki tana ɗaukar ido, sannan ya sauko ya yi wa mai karɓar baƙi godiya, sai ka ce shi ya wanke. Ni abin nan yana ba ni haushi ƙwarai. Shi Baba Sitaci kuwa ko a jikinsa, domin abin da ke cin ransa daban ne.

Ɗakin wankin yana can ƙasa bayan kicin, sai an sauka matakala goma sha ɗaya kafin zafi ya mari fuskar mutum. Injin wanki uku ne, na busarwa biyu, ɗaya daga ciki yana tari kamar tsohon mashayin taba. Teburan guga huɗu suna jere a gindin wata 'yar taga da ba a hango komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Tebur na ƙarshe, na jikin bango, shi ne na Baba Sitaci, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan yana tsaye a gabansa. Da dutsen guga na gawayi ya fara, a rumfar kawunsa, bayan an cire shi daga aji uku na firamare. Yana da shekara ashirin da huɗu otal ya ɗauke shi. Da gugar nan ya yi aure, da ita ya rene 'ya'ya biyar, ya kai kowannensu makaranta. Sunan kuwa rigarsa ta aiki ce ta jawo masa, saboda irin sitacin da yake ɗura mata. Abokan aiki kan ce ko ya cire ta ya tafi gida, za ta iya tsayawa ta ƙarasa aikin ita kaɗai.

Yana da wata ɗabi'a da sababbin ma'aikata ke yi wa dariya a watan farko, su dawo suna kwaikwayonta a wata na uku. Ba ya tsoma tufa a ruwa sai ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga wuya har ƙasa, ya murza yadin kusa da kunnensa, ya shinshina. Sai ya gama duk wannan sannan ya duba lebul, wato ɗan ƙyallen nan mai rubutu da ake ɗinkawa a wuyan riga don a faɗi irin yadin da yadda za a wanke shi. A jikin lebul ya koyi duk Turancin da ya iya. Ya san auduga, ya san ulu da siliki, ya san ruwan zafi da na sanyi, kuma da ƙarfi yake karanta su yana gyaɗa kai, kamar wanda wasiƙa ta zo wa daga gida. Amma a ce ya haɗa jimla tasa ta kansa ya rubuta, to nan fa ake yin ta.

Ƙa'idar otal ɗin kuwa ita ce, duk tufar baƙo idan za ta koma sama sai an maƙala mata ɗan kati da Turanci, a faɗi abin da aka yi mata: da me aka wanke, a wane irin ruwa, wane tabo ya fita, wane ya ƙi. Shugaban ɗakin wanki ne ke rubuta katin ya sa hannu. Saboda katin nan kaɗai, sau uku ana neman shugaba, sau uku ana tsallake Baba Sitaci a ba wanda shi ya koya wa riƙe dutsen guga. Kowane karo yakan yi wa sabon shugaban murna, ya koma teburinsa ya danne kwalar riga da ƙarfin da ya wuce na kullum. Yana son kujerar nan, so na gaske, ga shi saura shekara biyar ya yi ritaya.

Ana nan sai aka kawo sabuwar Manaja, wata doguwar mata mai gilashi, wadda ko “zo in kashe ki” ba ta ji da Hausa. A makonta na biyu shugaban wanki ya samu aiki a wani gari ya tafi. Maimakon ta naɗa wanda ta ga dama, sai ta sa aka manna takarda a ƙofar ɗakin: duk mai so ya rubuta sunansa, ba a tambayar shaidar makaranta, nan da mako uku za a ajiye tufa uku a tebur kowa ya rubuta katinsu. Digiri mai kula da sito ne ya karanta wa jama'a. Shi ma ɗan hannun Baba Sitaci ne, shekara biyu ya yi a guga kafin a mayar da shi sito, kuma takardarsa ta difloma ce, mutane ne kawai suka ƙara masa girma. Yana gama karantawa ya zaro biro ya sa sunansa. Baba Sitaci ya goge tafin hannu a wandonsa ya ce, “Ara mini biron.”

Digiri ya miƙa masa. Ya rubuta sunansa ƙarƙashin na Digiri, harafi bayan harafi, harshe a waje, ya mayar da biron ya koma kan gugarsa kamar ba abin da ya faru.

Ranar bai tsaya jiran mota ba, a ƙafa ya taka har gida. Matarsa, wadda duk layin ke kira Maman Malama, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta gan shi ya shigo baki har kunne.

“Lafiya, Malam? Wa ya haihu?”

“Jarrabawa zan yi.”

Ta ajiye tiren, ta dube shi sama da ƙasa. “Da furfurar?”

“Da ita. Ai ba da gashi ake rubutu ba. Gobe Asabar, da sassafe ina gidan Malama.”

Malama ita ce babbar 'yarsa, Turanci take koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma tun ranar da ta fara aiki bai sake kiranta da wani suna ba sai wannan. Washegari ya isa gidanta da wata tsohuwar leda cike da lebul-lebul da ya yi shekaru yana yankewa daga tufafin da suka zama tsumma. Ya zazzage su a kan tebur. Tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana karanta mata, can sai ta dafa kai ta fashe da dariya.

“Baba, ai kai ka fi 'yan ajina sanin abin da nake fama da su a kai wata biyu ke nan. Duk rubutun nan jirgi ɗaya ya kwaso su. A Turanci, idan abin da aka yi wa aiki shi ake magana a kai, sai a sa shi a gaba. Baƙo ba ruwansa da wanda ya wanke, rigarsa yake tambaya. To rigar ce za ta shige gaba, kamar yadda mu za mu ce an wanke rigar. The shirt was washed. Kan jimlar ke nan.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan kanta. Sauran wasu 'yan ƙananan kalmomi ne da ake maƙala bayani da su. In za ka faɗi wanda ya yi aikin, by. In abin da aka yi aikin da shi ne, sabulu ko zare, with. Inda aka tsoma, in. Yadin da aka yi ta da shi, of. Inda aka ciro abu, from.”

Baba Sitaci ya ƙirga kalmomin da yatsa, biyar. Sai ya miƙe ya fita tsakar gida, ya dawo da fegi biyar da ya ciro daga igiyar shanyarta.

“Kin ce maƙalawa ko? Ai ni maƙalawa aikina ne. Rubuta mini kowace a jikin fegi ɗaya.”

Suka ɗaure igiya daga taga zuwa ƙusar kalanda, Malama ta yayyanka takardu ta rubuta guntayen jimloli, shi kuma ya riƙa shanya su yana haɗe su da fegin da ya dace. A karon farko ya maƙala wa sabulu by. Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ce, “Baba, sabulun naku hannu gare shi? Shi ya naɗe hannun riga ya yi wankin?” Ya ce in da haka ne ai da shi ya huta tun tuni. Bai sake yin kuskuren nan ba.

Mako ukun nan, Baba Sitaci kamar wanda aka yi wa allurar kuzari. Yana tashi daga aiki sai gidan Malama, awa ɗaya cur, sannan ya nufi gida yana karanta allunan shaguna a hanya, yana murna duk inda ya ci karo da ɗaya daga cikin kalmominsa biyar, kamar ya gamu da ɗan garinsu. A gida ba abin da ya tsira. Ƙofa ya yi mata jimla, buta ya yi mata jimla, hatta kyanwar maƙwabta sai da aka faɗi wanda ya kore ta da abin da aka kore ta da shi. Maman Malama ta haƙura har kwana takwas, sannan ta ce in ya sake tsayawa a kan tukunyarta yana mata Turanci, to ya nemi inda zai ci abinci. Ya dube ta ya zuba mata wata doguwar jimla, ya wuce yana murmushi. Ta riƙe ta a ka har ta tambayi Malama, aka ce mata cewa ya yi kyakkyawar mace ce ta dafa abincin nan. Daga ranar ba ta sake ƙorafi ba, sai dai ta riƙa cewa tsufa ya zo wa Malam da iyayi.

Malama ta tsara masa kati goma sha biyu na abubuwan da aka fi samu: auduga, siliki, ulu, tabon mai, tabon shayi, maɓallin da ya fita. Ya haddace su, ya rubuta kowanne har ba ya ƙirguwa. Hannun da ke yini riƙe da dutsen guga bai taɓa gajiya ba, sai ga ɗan biro ya gajiyar da shi. A wurin aiki kuma Digiri ya same shi wata rana ya ce, “Baba, don Allah kada ka ji haushina, ni ma iyali gare ni.” Baba Sitaci ya ce, “Haushin me? Kowa ya rubuta nasa. Ka dai sayo biro biyu, kada naka ya ƙare ka zo aro wurina.”

Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe aka kashe injinan ɗakin wanki, abin da ba a taɓa yi da rana ba. Masu girki, masu shara, masu gyaran ɗaki, duk suka cika matakala, wani a kan wani. Manaja ta sauko da tufa uku da ta ɗebo daga akwatin kayan da baƙi suka manta ba su dawo nema ba, ga kuma wata takarda a hannunta da ta kwafe amsoshin daga jikin lebul. Ta shimfiɗa su a tebur: farar riga mai tabon shayi, mayafin wuya na siliki, da wani kwat mai launin toka, marar nauyi. Rabin awa ta bayar, kuma ta ce ba tafinta.

Digiri ya ɗaga lebul na farko ya rubuta, ya ɗaga na biyu ya rubuta, ya ɗaga na uku ya rubuta. Minti goma ya gama, ya harɗe hannu. Baba Sitaci kuwa ya ɗauki farar rigar ya juya ta, ya bi ɗinki, ya murza a kunne, ya shinshina. Manaja ta dubi agogonta. 'Yan matakala suka fara cizon yatsa, wani mai girki ya ce ƙasa-ƙasa, “Baba, yau ma sai an yi gaisuwar?” Bai ko ɗaga kai ba. Ya zauna ya ɗora biro a kan kati, sai ga jimla tana zubowa kamar an buɗe famfo. An yi rigar da auduga, za a jiƙa ta a ruwan ɗumi, za a cire tabon da sabulu. Daɗi ya kama shi har ya kusa yin dariya a fili. Katin siliki ma haka ya fito sumul, ba gogewa ko ɗaya.

Ya jawo kwat ɗin. Tun kafin ya juya shi idonsa ya faɗa kan lebul: auduga zalla, a wanke a ruwan zafi. Kati na farko ke nan da Malama ta koya masa, wanda ko ido rufe zai rubuta. Ransa ya yi fari tas. Amma hannu ya riga ya saba, sai ya juya kwat ɗin, ya damƙe yadin a tafinsa ya saki. Yadin ya miƙe, ko alamar yamutsewa babu. Auduga ba ta haka. Ya murza a kunne, ya shinshina. Ulu ne, irin mai laushin nan sirantacce da ido ba ya raba shi da auduga. Ya koma kan lebul ɗin ya ƙura masa ido. Duk ɗinkin kwat ɗin na keke ne da zare mai launin toka, lebul ɗin kuwa da hannu aka ɗinka shi, da farin zare, an lanƙwasa shi an kama bakin nan da bakin can ya zama ɗan maratayi. Nan take ya gane. Wani ne a gida ya yanko shi daga tsohuwar riga ya ɗinka, don a riƙa rataye kwat ɗin a ƙusa. In aka tsoma shi a ruwan zafi, zai tsuke har sai dai a sa wa jariri.

Saura minti goma. Wannan magana ba ta cikin kati goma sha biyun nan, ko kusa. Ya san takardar hannun Manaja lebul ta bi, domin ya ga tana duba su tana rubutawa. In ya rubuta mai sauƙin, katinsa uku sun fito tsaf, daidai da amsarta. Ba kuma wanda zai wanke kwat ɗin da gaske, jarrabawa ce kawai, mai shi ma ya manta da shi. Ya ɗora biro ya rubuta This coat is made of, sai hannun ya tsaya cak. Ya matsa masa, ya ƙi. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa tura ulu ruwan zafi ba, bai kuma taɓa barin wani ya tura a gabansa ba, yanzu a ce ya rubuta da hannunsa a yi haka? Ya yi tsaki, da kansa yake, ya rubuta wool, wato ulu.

Daga nan ba komawa baya, dole ya faɗi dalili. Ya rufe ido ya jera fegin nan biyar a ka, ya fara shanya. An ciro lebul daga wata riga. An ɗinka da hannu, da farin zare. Kada a wanke a ruwan zafi. Ya goge, ya sake, katin ya yi baƙi da gogewa, rubutun ya gangara gefe kamar zai faɗo. Manaja tana cewa lokaci ya cika yana ɗiga aya ta ƙarshe. Ga abin da ke kan katin:

This coat is made of wool. The label was took from other shirt. It was sew by hand with white tred. It must not be washed in hot water.

Ta fara da na Digiri, ta gyaɗa kai sau uku, ta yi masa alamar daidai sau uku. Ta ɗauki na Baba Sitaci. A na farko ta ɗaga gira, a na biyu ta dube shi ta saman gilashi ta yi murmushi, matakala ta fara motsi. A na uku murmushin ya ɗauke. Ta zaro jan biro ta zagaye kalma, ta zagaye wata, har huɗu. Sannan ta ɗaga kwat ɗin, ta nuna masa lebul da farce, ta ce auduga aka rubuta. Digiri ya buɗe baki zai fassara, ta ɗaga masa hannu.

Baba Sitaci ya dubi kwat ɗin, ya dubi katinsa. Duk Turancin mako uku ya gudu ya bar shi. Ya juya wajen matakala ya ce, “Mai girki, miƙo mini ashana da ɗan faranti.”

Aka miƙo hannu da hannu. Ya zaro allurar da ke soke a aljihunsa, ya tsamo zare ɗaya daga wani tawul na auduga, ya tsamo ɗaya daga cikin kwat ɗin, can wajen da ɗinki ya bar rara, inda ba mai gani. Ya ƙyasta ashana ya kai wa zaren tawul. Ya kama ɓal, ya cinye, ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda. Ya miƙa wa Manaja farantin ta shinshina. Ya sake ƙyastawa ya kai wa zaren kwat. Wannan bai yarda ya ci ba, sai ya yi ƙara ya nannaɗe, wutar ta mutu, ya bar ɗan baƙin ƙulli. Ƙaurin ƙonannen gashi ya tashi har 'yan matakala suka toshe hanci. Manaja ta sunkuya, ta ja da baya da sauri tana fifita fuska. Baba Sitaci ya murje ƙullin da babban yatsa ya zama gari, ya kama furfurar kansa ya nuna mata, sai ga jimla ta dawo da kanta.

“Wool is taken from sheep, Madam.”

Wato daga jikin tunkiya ake samun ulu, gashi ne kamar na kowa. Matakala ta ɓarke da dariya da tafi, mai girki yana buga murfin tukunya da ludayi. Ita ma Manaja dariyar ta yi. Ta tura gilashi sama, ta juya wuyan kwat ɗin, ta daɗe tana kallon farin zaren nan. Sannan ta ɗauki jan biron, ta ja layi a kan amsa ta uku a takardarta ita kanta. Ta tambayi Digiri me zai faru da an bi katinsa. Digiri ya gaya mata gaskiya, ya juyo ya ce da Hausa, “Baba, wallahi ka taɓa nuna mini wannan, a shekarata ta farko. Zaman sito ne ya mantar da ni.”

Manaja ta tattara katunan ta ce za a ji sakamako, ta haye sama. Murna ta koma ciki. Ai kowa ya ga zagaye huɗun nan ja, kowa kuma ya ga katunan Digiri ba ko ɗigo. Aka kunna injina. Baba Sitaci ya koma teburinsa, ya goge rigar filo guda sau uku bai sani ba, sai da na kusa da shi ya zare ta daga hannunsa.

Sha biyu da rabi ta sake saukowa da ambulan biyu. Ta ba Digiri ɗaya, ta ba Baba Sitaci ɗaya, ta yi wata magana da sauri wadda bai kama ko kalma ɗaya a ciki ba, ta tafi. Digiri ya buɗe nasa ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya miƙo hannu ya ce, “Kawo in karanta maka, Baba.”

“A'a. Kai dai riƙe mini teburina na awa ɗaya.”

Ya haye matakala goma sha ɗayan nan bibbiyu, da shekarunsa, ya tare mota a bakin titi, ambulan a damƙe a ƙirji. Mai gadin makarantar 'yan mata ya san shi, ya buɗe masa ba tambaya. Ya bi baranda yana leƙa aji-aji har ya hango Malama a gaban allo, alli a hannu. Ya tsaya a taga da rigar aiki, gumi sharkaf. Tana ganinsa ta saki allin ta taho.

“Baba, yaya? Me aka ce?”

“Ban sani ba tukuna. Tsaya ki ji.”

Ya yage bakin ambulan, ya ɗora yatsa ƙarƙashin layin farko ya fara. You have been appointed. Ya ci gaba, kalma bayan kalma, wata ya faɗe ta daidai, wata ya karya mata wuya. 'Yan mata arba'in suka zuba ido suna kallon tsoho yana fama da takarda. Malama, wadda ba ta barin kuskure ya wuce a ajin nan, ba ta gyara masa ko ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya ɗago ya dube ta.

“Malama, gaya mini gaskiya. Abin da ke jiki na karanta, ko son zuciyata na karanta?”

Ya miƙa mata takardar ta taga. Ta mayar da hannunta baya, ta ƙi karɓa.

“Kai ka karanta, Baba. Faɗa mini da Hausa, me aka ce?”

Ya sake duban layin farko, leɓensa na motsi. Ya ce, “An naɗa ni shugaban ɗakin wanki, daga ranar Litinin.” Kalmar “shugaban” sai da ya maimaita ta.

“To haka aka ce,” in ji ta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Ajin ya kaure da tafi da dukan tebur, har malamar ajin kusa ta leƙo ta ga ko lafiya. Baba Sitaci ya tsaya a wurin yana dariya, idonsa jawur, bai san inda zai sa kansa ba don daɗi. Ya ninke takardar a hankali ya ce bari ya koma, ya bar zannuwan hawa na uku a inji, kuma ta gaya wa uwarta ta waya, amma kada ta faɗi duka, ta rage masa na faɗa.

Ya taka har bakin ƙofar makaranta, ya yi sallama da mai gadi, ya yi taku biyu, sai ya dawo. Ya zaro takardar ya buɗe, ya ce wa mai gadin ya gyara zama, ya fara karanta masa tun daga farko.